Hoton da Yaya Ta Ce a Tura

Daminar da Yaya ta kwanta a ɗakina ita ce daminar da na koma bin rana a tsakar gida da waya a hannu, kamar kazar da ƙwai ya matsa ta rasa inda za ta saka. Kafin nan wayar ba ta da aikin yi a wurina sai amsa kira da jin wa'azi. Ɗiyar Yaya ce ta aiko mani da ita daga Fatakwal, inda aure ya kai ta. Faffaɗa ce, ba maɓalli ko ɗaya a fuskarta, komi sai an shafa. Da aka kawo ta an yi ta cewa tsohuwa ba za ta iya ba, wai ban san baƙi ba balle boko. Na ce yatsun da suka yi wa rabin matan Ƙofar Guga kitso tun ina budurwa, ba gilashi ne zai gagare su ba. Bai kuwa gagare su ba. Hoton kowa na kan lambarsa, in na ga fuska in danna. In ina da magana in riƙe in faɗa, ta tafi.

Bari in faɗi yadda muke da ɗiyar nan, kada wanda bai san mu ba ya ɗauka dutse ne a ƙirjin Yaya. Ita ce ɗiyarta ta fari. Ranar da aka yaye ta aka aza mani ita a baya, lokacin ko haihuwa ban fara ba. Ni na goye ta, ni na yi mata kitson farko, ni na yi mata jere da za ta ɗakin miji. Ni take ce wa Inna. Uwar da ta haife ta kuwa Yaya take ce mata, yadda ta taso ta ji ina faɗa. Yaya ba ta taɓa kama sunanta ba. In zance ya biyo ta kanta sai ta ce ɗiyar taki, ko waccan. In yarinyar ta shigo gaisuwa, Yaya na amsawa tana kallon bango, ko tana tsintar wani abu a tabarma wanda babu shi. Matan yanzu na rungume ɗan fari a gaban surukai suna kiran sunansa har da ƙari. Mu ba haka aka yi mu ba. Kunya ce, kuma duk danginmu babu wadda ta riƙe ta kamar Yaya.

Ciwon a ciki ya fara. An kai ta asibiti, an yi gwaje-gwaje, an haɗo ta da magani an sallamo ta. Likita ya ja ɗanta namiji gefe ya yi mashi magana ƙasa-ƙasa. Ban ji abin da ya ce ba, amma na ga yaron ya fito yana murza hularsa a hannu, ya manta da ita ake sawa a ka. Na ce a kawo mani ita. Gidansa can GRA ne, daga shi har matarsa aiki suke fita, sai dai a bar ta da bango da talabijin. Ni mijina ya rasu, ɗaki na nan, hannuna na nan.

Ranar da ta iso, bayan la'asar, ina gyara mata matashi ta kama wuyan hannuna.

"Na haɗa ki da Allah, na haɗa ki da nonon da muka sha. Kada bakinki ya gaya wa ɗiyar taki komi ban da da sauƙi."

Ta ce hanya da nisa, hanyar kuma ba lafiya gare ta ba. Ta ce ga yara a makaranta, ga aikin da waccan ke yi, ba a taso mutum daga bakin teku don ciwon ciki. Na ce to. Me zan ce? Ita ta goye ni. Ɗan nata ma da ya zo da yamma haka ya ce, kada a tayar wa kowa da hankali.

Kowa ya san halinmu da kalmar nan. Mutum na kwance ba ya iya ɗaga kai, a tambaye ka ya mai jiki, ka ce da sauƙi. Ba ƙarya ba ce, fata ne. Mai hankali a muryarka yake jin wane irin sauƙi ne, ko na tashi ko na tafiya. To waya na cinye rabin murya, yarinyar kuma ta daɗe cikin mutanen da in sun ce fari, fari suke nufi. Ta ji da sauƙi ta ɗauka sauƙi ne. Ta ce in Allah ya yarda hutun ƙarshen shekara tana tafe da yara. Ni kuwa ni ke yi wa Yaya wanka, na san abin da ke ƙarƙashin zanen. Na san in ba wani ikon Allah ba, ƙarshen shekara ya yi mata nisa.

Yarinyar ta gwada kiran nan da ake ganin juna. Da Yaya ta ji muryarta na fitowa, sai ta ja mayafi ta rufe har ka ta juya wa ɗakin baya. Yarinyar ta yi dariya, ta ce Yaya dai ba ta canzawa. Sai ta ce, "Inna, to ki ɗauko mani hotonta in gani."

Nan na ga ƙofa. Bakina aka haɗa da Allah, ba a haɗa wayata ba.

Yaya ta yarda, amma da sharaɗi. Duk hoton da zai fita gidan nan sai ya bi ta gaban idonta, in ta ce a goge, a goge. Wato ina neman hoton da zai wuce hannun Yaya, ya kuma isa Fatakwal ya faɗi abin da aka hana ni faɗa. Na ɗauka aikin yini ɗaya ne.

Na farko a ɗaki na ɗauka, bayan magariba, an kawo wuta ƙwan lantarki na ci. Ina dannawa wayar ta yi walƙiya da kanta. Da na duba sai na ga fuska fari fat kamar an shafa mata toka, idanu na ƙyalli irin na kyanwa a rumbu, bayanta baƙi ƙirin. Yaya ta kalla ta ce gawa nake so in aika ko aljana. Na goge tun kafin ta ida magana. Ni ma ba shi nake nema ba. Ba firgita yarinyar nake so in yi ba, so nake ta ga uwarta.

Na lalubo inda ake kashe walƙiyar na kashe. Sai hoton ya fito dishi-dishi kamar an watsa mashi tsaki, ga hannuna ya ɗan motsa, hancin Yaya ya zama biyu. Wannan kam ta ce a tura, don ba a ganin komi. Amsa ta dawo, ɗakin ne da duhu Inna, mayafi kawai na gani.

Washegari na zaunar da ita a bakin ƙofa, ni ina daga ciki. A idona ras nake ganin ta. A wayar kuwa tsakar gida ta fito tas, har igiyar shanya da turmi, Yaya kuma ta koma wani dunƙulen baƙi kamar an kife tukunya a kan kujera. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce a tura wa jikoki a ce ga dodo. Na fita da ita tsakar gida rana tsaka. Nan kuma ranar ta sauko mata ta tsakar ka, ta haƙa mata ramuka a ido, ta sa ta yamutse fuska, goshi na sheƙi kamar an shafa man gyaɗa. Ta ce a goge, a kuma mai da ta ɗaki, ita ba barkono ba ce da za a yi ta shanyawa.

Kwanakin nan ban san zama ba. In ɗora tukunya in manta, in fara tsintar shinkafa in tashi in leƙa sama. Mata su zo kitso, ina tsakiyar tsaga sai in ga inuwar dalbejiyar maƙwabta ta matsa, in bar kai a tsefe in je in duba ko hasken ya kai bangon ɗaki. Wata ta tambaye ni ko wani abu na jefar ne nake nema. Yaya kuma kullum ana rage ta. Kofin kokon da take shanyewa ya koma rabi, rabin ma sai da lallashi.

Ran nan da la'asar sakaliya rana ta kwanta ta yi ja-ja, irin hasken nan da ke sa bangon ƙasa ya yi kamar an shafe shi da zuma. Yaya ta ɗan ji ƙarfi. Ta ce in miƙo mata kwalli. Ta zizara, ta sa 'yan kunnenta na Makka, ta yafa mayafi biyu, ta cusa ɓarin goro a kowane kumatu, ita da ta daina cin goro. Na zaunar da ita tana fuskantar yamma, na danna. Wallahi ni da na ɗauka sai da na sake kallo. Wata mata ce cikakkiya, fata sumul, tana annuri, kamar uwar amarya ranar kamu. Ba tamoji ko ɗaya. Har tsagen gadonmu da ke kumatunta ya ɓace. Yaya ta karɓi wayar ta nesanta ta, ta kusanto ta, ta ce yanzu na fara iya aiki. Ta ce tura, kuma a gabanta. Na tura.

Ba a jima ba saƙon murya ya shigo. Yarinyar na ta hamdala, wai Yaya har ta yi ƙiba, ta yi haske, maganin ya karɓe ta, hankalinta ya kwanta yanzu. Na ji ta har ƙarshe, na kife wayar a kan tabarma. Tuwon daren nan a kwano ya kwana. Ni da ke neman hanyar kira, da hannuna na aika mata da zauna abinki.

Da safe na shiga gidan Madam. Bango ɗaya ya raba mu. Mutuniyar Filato ce, Kirista, mijinta ma'aikacin gwamnati ne, sun daɗe a unguwar har 'ya'yanta sun fi ta jin Katsinanci. Da Salla in aika mata da tuwo da nama, da Kirsimeti ta aiko da shinkafa da cincin. Ɗinki take yi, kuma duk rigar da ta gama sai ta rataye ta ta ɗauke ta hoto ta aika wa masu kaya, ban taɓa jin an ce launin ya saɓa ba. Hausarta irin ta can ce, mace da namiji duk kai ne a bakinta. Na daɗe da daina gyara mata.

Bayan mun gaisa, ta tambayi mai jiki na ce da sauƙi, na miƙa mata wayar na ce ta duba mani abin da ya sa take ƙarya. Ta juya bayan wayar ta kalli ɗan idon da ke ɗaukar hoton, sai ta fashe da dariya.

"Mama, ita ma wayar kitso kake mata? Dubi man da ke idonta."

Man kitso ne na hannuna ya lulluɓe shi, shi ya sa komi ke fitowa da hazo-hazo mai laushi. Ta goge da gefen zanenta. Ta shiga cikin wayar ta nuno mani wata alama kamar sandar tsafi, ta ce wannan ita ke goge tamoji, ta ƙara fari, ta cike kumatu, 'yan mata ke son ta, kuma da ita a kunne wayar ta zo. Na ce to ta kashe mani ita kashewar da ba tashi. Wane ne ya aiki waya ta share wa mutum tsagen ubansa?

Ta koya mani sauran a kan wata riga da ke rataye. Kada haske ya kasance bayan mutum, kada ya sauko ta tsakar ka. In taɓa fuskar mutum a gilashin da yatsa, wani ɗan akwati zai fito, wayar ta san nan ake so. Gefensa akwai 'yar rana, a ja ta sama hoto ya ƙara haske, a ja ta ƙasa ya ragu. Kada in jawo mutum da yatsu biyu, in taka in matsa kusa da ƙafata. In wuri ba haske sosai in kafa gwiwar hannu a kan wani abu, don wayar na daɗewa tana haɗiyar hasken, ko numfashi ya motsa ta sai ta ɓata. Ta ce hasken da ya fi faɗin gaskiya shi ne wanda ya shigo ta taga ya bugi mutum ta gefe.

Wannan na ƙarshen ban bari ta ida ba. Na ce ai wannan karatuna ne. Tsaga ba ta fitowa a kai sai haske ya zo ta gefe, shi ya sa duk mai kitson da ta san aikinta ba ta zaunar da mace tana fuskantar rana. Ban dai taɓa kawowa fuska ma haka take ba.

Da ta tambayi abin da ya sa nake son hoton da zai nuna rama, na gaya mata. Ta ajiye almakashi ta dube ni. Ta ce su a wurinsu da tuni an buga waya an ce mamanka ba lafiya sosai, ka zo yau. Ta ce in ba ta lambar, ita ba wanda ya haɗa ta da nono. Na ce a'a. In magana ta fito daga gidan Madam, Yaya za ta san daga bakina ta tsallaka bango, kuma ba zan bari ta tafi tana ganin ƙanwarta ta sayar da ita ba. Madam ta girgiza kai ta ce mu Hausawa muna son wahala. Na ce wahalar tamu ce, mun iya ɗaukar ta.

Na koma gida na shiga gwaji. Na ɗauki tulu hoto, na ɗauki ƙwarya, na ɗauki bayan hannuna, na ɗauki akuyar da ke ɗaure, har ta fara juya mani baya in ta gan ni. Na gano wurin. Tagar gabas ta ɗakin da Yaya ke kwance, da hantsi, in an matso da gadon kaɗan. Sai dai in rana ta fito da ƙarfi, rabin fuska ya ƙone da fari, rabi ya nutse a duhu. Sai ranar da gari ya yi lumshi, gajimare ya tace hasken. Damina kuwa ba ta shawara da kowa. Yau hadari ya haɗo baƙi ƙirin har sai an kunna fitila da hantsi, gobe rana ta fito tsirara. Ranar da sama ta yi daidai, Yaya ta kwana da ciwo ba ta iya zama. Ranar da ta iya zama, ta ce sai an jira la'asar, ita hasken zuman nan take so, kuma sai da mayafinta biyu. Kullum da asuba ina sallame salla sai in fito in ɗaga kai. Na zama kamar manomi, ni da ban da ko kuyya ɗaya a gona.

Na kai wa Madam kukan gefen da ke duhu. Ta ce wannan mai sauƙi ne, wani abu fari ake riƙewa ta ɗaya gefen ya maido da hasken, ita za ta kawo.

Washegari da safe ina ba Yaya magani sai ga sallamarta. Ta shigo da fara'a, da abu a hammata. Ta gaida Yaya, ta tsaya a gefen gadon, ta warware shi. Farin yadi ne sabo dal, ninkinsa ko karyewa bai yi ba. Ta ɗaga shi da hannu biyu a tsawon gadon tana cewa a nan za a riƙe.

A wurinmu sabon farin yadi ba ya shiga ɗakin mara lafiya sai ranar da aka gama, a yanka a suturta shi. Na miƙe zan fizge, ƙafata ta bugi kofi. Amma Yaya ta riga ta gani. Ta bi yadin da ido daga wannan hannu zuwa wancan, a hankali, kamar mai awo.

"Madam, kin yi sammako," ta ce. "Ai ni gajeruwa ce, wannan zai yi saura."

Madam ba ta gane ba, har tana cewa na rigunan 'yan makaranta ne, za ta mai da shi in an gama. Na ja ta waje na faɗa mata a kunne. Ta zauna a kan turmi ta ɗora hannu biyu a ka, hawaye na zuba, tana cewa ita ba ta sani ba, su kaya masu kyau suke sa wa mamatansu. Daga ciki Yaya ta ɗaga 'yar muryar da ta rage mata ta ce a zuba wa Madam koko, kada ta tafi da ɓacin rai, yadi ai yadi ne.

Yinin nan Yaya ba ta nemi rediyon da ta saba ji ba. Ta kwanta tana kallon rufin ɗaki, carbi a hannu ba ta ja. Ni kuma na share tsakar gidan da na riga na share, na wanke kwanukan da ba a ci komi a ciki ba. Wajen la'asar na shiga da ruwan alwala. Ba ta dube ni ba ta ce, daga can zuwa nan, a mota, kwana ake yi a hanya? Ba ta faɗi ko ina ne can ba. Na ce ana kwana, sai dai in mutum ya hau jirgi ya rage. Ta ce tambaya kawai ta yi.

Kafin asuba aka yi ruwa, gari ya waye a lumshe, da sanyi-sanyi. Hasken da ke shigowa ta tagar gabas fari ne mai laushi kamar an tace shi da rariya. Yaya da kanta ta ce in tashe ta zaune. Na jingina ta da matasai, na matso da gadon. Na ɗauko babban tiren da nake jera kofuna, na goge shi na jingina a kan kujera ta gefen duhu, sai ga hasken ya dawo ya kwanta mata a ɗaya kuncin. Na miƙa mata kwalli ta zizara. Na miƙa mata goro ta kau da kai. Na ɗauko mayafan nan biyu, ta yafa ɗaya. Na goge idon wayar da gefen zanena, na zauna a kan 'yar kujera na kafa gwiwoyin hannu a cinya.

Ina cikin saitawa ta ce zafi take ji. Ni da ke da lafiya ma sai da na yafa zane a safiyar nan. Ta sa hannu ta zame mayafin ya faɗo bayanta. Ta tura hannun riga sama. Ta ɗaga hannun ta dafa kuncinta, awarwaron da ya yi shekara da shekaru cif a wuyan hannunta ya gangara har gwiwar hannu ya yi ƙara.

Na taɓa fuskarta a gilashin, akwatin ya fito. Na ja 'yar ranar ƙasa kaɗan don farin matashi na neman ƙonewa. Na ɗauke numfashi kamar mai zura zare a allura. Sai ta ɗago ta kalli idon wayar tsaf, irin kallon da ba ta taɓa yi wa wadda za ta karɓi hoton ba. Na danna.

Yaya ce ta fito. Tsagenta ya dawo, layi-layi. Furfura ta leƙo ta ƙasan ɗankwali. Ramin gefen goshi, ƙasusuwan wuya, zoben da aka naɗa wa zare don kada ya suɓuce, duk suna nan, ba wanda ya ɓuya. Kuma ba ta yi muni ba. Mace ce mai daraja da ciwo ya ci ya kusa cinyewa.

Na miƙa mata. Ta riƙe da hannu biyu ta daɗe tana kallo, har fuskar wayar ta mutu na sake taɓa mata. Ina jiran ta ce a goge. Ta maido mani ta ce, "Ki tura wa masu son gani." Ta ce in kwantar da ita, ta gaji.

Na tura. Alamar an gani ta fito nan take. Sai shiru. Ba saƙo, ba kira. Na sa wayar a caji na cire, na fita zaure na ɗaga ta sama ko sabis ne, na dawo. Wata ta zo kitso na ce ta dawo gobe. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Na fara cewa ko ita ma wannan ta ga ƙiba a ciki, ko kuwa na yi yawa ne yarinya ta faɗi a wurin aiki. Yaya ba ta tambaye ni ba, amma duk sanda na shigo ɗakin idonta na kan hannuna.

Rana ta kusa faɗuwa wayar ta yi ƙara. Muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi ruwa, muryarta a dushe. Ta ce, "Inna, ya mai jiki?"

Yaya na jin mu. Na ce, "Da sauƙi."

Yarinyar ta ce to, Allah ya ƙara sauƙi. Ta ce ta bar yara wurin maƙwabta, ta samu jirgin safe, daga inda ya sauke ta za ta shigo mota, in sa a gyara mata shimfiɗa a ɗakin da Yaya take.

Da na ajiye, Yaya ta tambayi ko wa ke tafe. Na ce baƙuwa gare ni. Ta ce to in sa a sayo kaza, ba a tarbar mutumin nesa da miyar kuka tsura.

Ta iso washegari dab da magariba, jaka ɗaya a hannu, takalmanta duk laka. Ta rungume ni a zaure. A bakin ƙofar ɗaki ta durƙusa, inda ta saba durƙusawa tun tana ƙarama, ta ce Yaya ina wuni, ya jiki. Yaya ta riga ta juya fuska bango. Ta amsa, lahiya lau, an zo lahiya, ya mutanen gida. Yarinyar na durƙushe, hawaye na ɗiga a kan gwiwarta, ba ta da izinin matsowa, ni kuma ba ni ce mai bayarwa ba.

Can Yaya ta kira ni, fuskarta na bango har yanzu.

"Ki ce wa baƙuwar taki ta taso daga bakin ƙofa, ta tare mani iska. Ga wuri nan."

Ta ɗan janye ƙafafunta. Yarinyar ta taso ta zauna a bakin gadon. Na shigo da kofin koko zan ba Yaya kamar kullum, sai na miƙa wa ɗiyar na ce hannuna ya gaji. Ta tallafo kan uwarta. Yaya ta lumshe ido don kada ta kalle ta, ta sha, ta sha, har ta kusa shanyewa.

Ta kai har aka fara yankan gero. Ɗiyar na nan ba ta koma ba, ita ke juya ta, ita ke yi mata alwala. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, da hantsi ne, ni ina madafa, kan Yaya na kan cinyarta.